Kazar da Na Ɗinke da Hannuna

GRA, Bauchi
Ranar Laraba

Zuwa ga ƙanwata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Misau. Yaya ƙafar taki? Kina shafa man da na aiko, ko kin tura shi ƙarƙashin gado yadda kika saba? Ni dai da sauƙi, in ban da kunnen nan da ya juya mini baya.

Ina ganin sunanki yana haskawa a waya, in ɗauka in kara, ba na jin komai sai wani zuu. Shi ya sa na koma wa alƙalami. Shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare, ashe kaina nake yi wa tanadi. Zan riƙa ba Ɗanlarai direban motar Misau, ke ma ki riƙa ba shi amsa.

Kin san tun da katangar gidanmu na Ƙofar Ran ta zube a ruwan bana, ɗan naki ya kwaso ni ya kawo ni gidansa. Na ce ɗan naki, don ke kika goya shi, kuma bakina bai taɓa kama sunan ɗan fari ba, alƙalamina ma ba zai fara yau ba. Gida ne babba, ban raina ba. An ba ni ɗaki ta baya mai bayan gida a ciki, abinci yana zuwa a kula kan lokaci, matarsa Radiyya tana durƙusawa har ƙasa ta gaishe ni. Sai dai unguwa ce da za ki wuni ba ki ga ƙafar mutum ba, sai motoci da gilashi a rufe. Kowa ya ja katanga ya ɗora mata waya, kamar ana binsa da gudu.

Ranar tashi aka ce kaji ba za su zo ba, wai za su ɓata tsakar gida su cinye fulawa. Ina tsaye aka raba su ga maƙwabta. Guda ɗaya na ɓoye a ƙarƙashin mayafi na shiga mota da ita, wake-waken nan mai gajerun ƙafafu, irin kajin Innarmu da ba su taɓa yankewa a hannuna ba tun rasuwarta. Sai da muka kai wajen Wunti ta leƙo da kai. Ɗan naki ya gani ta madubi, ya ɗauke kai.

To ita ce dalilin takardar nan. Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a tabarma a bayan ɗakina ina tsince shinkafa, na ba bishiyoyi baya. Sai na ga gashin kaza yana bin iska yana wucewa ta gefen ƙafata. Da na juya, wani ƙaton baƙin muzuru ne ya danne ta a gindin mangwaro, kusa da ni ƙwarai. Allah kaɗai ya san tun yaushe take kuka. Na jefa masa faranti da shinkafar duka, ya haye katanga yana waiwayena, ko sauri bai yi ba. A Ƙofar Ran da kafin ya taɓa ta mata sun fito da muciya, yara sun bi shi da duwatsu har bakin kwata. Nan kuwa mutum ɗaya ce a kusa, ita ma kurma.

Ya tsage mata fatar wuya daga ƙasan kai har kafaɗa, fiffiken hagu yana lilo, ido ɗaya ya rufe da jini. Kafin in gama duba ta, Mansir direba ya iso da wuƙa yana goga ta a gefen dakali. Radiyya ta matso kusa da kunnena na dama, wanda yake ɗan ji in an ɗaga murya, ta ce a yi sauri a yanka kafin ta zama mushe. Shi ma maigidan ya dawo daga ofis ya tarar da mu, ya tsaya da makullin mota a hannu. Na karanta bakinsa yana cewa ga kaji nan cike da firiji, in kuma mai rai nake so gobe za a sayo mini. Ban yi musu da kowa ba. Na naɗe ta a gefen zanena na shiga ɗaki na tura ƙofa.

Na wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri. Na dafa allura da baƙin zare, na matse ta tsakanin gwiwoyina, na haɗa fatar na ɗinke yadda nake ɗinke bakin buhu, ina yi ina bismilla. Na shafa mata zuma da man kaɗanya, na ɗaure fiffiken da tsumma. Gaskiya ɗaya zan faɗa, Radiyya ce ta kawo ruwan zafin a fulas ba tare da na roƙa ba, ta ajiye a bakin ƙofa ta tafi tana toshe hanci.

Yanzu tana cikin kwando a gefen gadona, na rufa mata tsohon gidan sauro saboda ƙuda. Ba ta ci. Ruwa nake ɗiga mata da yatsa a gefen baki. Na san za ki yi dariya ki ce Yaya ta tsufa ta rasa abin yi. Yi dariyarki. A gidan nan cokalin da nake cin abinci da shi ma ba nawa ba ne, ita kaɗai ce in na ce tawa ba wanda zai gyara mini magana, kuma ba zan bari ta mutu ba.

Ki gaida Malam, ki gaida yara. Ki sa mu a addu'a, ni da ita.

Yayarki,
Habibatu


GRA, Bauchi
Ranar Talata

Ƙanwata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kuna lafiya, zazzaɓin ƙaramin jikan naki kuma ya sauka. Takardarki ta iso tare da daddawar, na gode, Allah ya bar zumunci. Rubutunki dai har yau bai gyaru ba, da a ajina kike da kin sha rula.

Kin ce in bar wahalar da kaina, in na zo Misau za ki ba ni kaji in zaɓa. Haka ɗan naki ma ya ce. Ban san me ya sa duk wanda na nuna wa ciwo sai ya nuna mini kasuwa ba.

Ta sha wuya, ni ma na sha. A kwanakin farko ciwon ya kumbura ya yi wari, wata safiya na buɗe na tarar tsutsa ta shiga ta ƙasan ɗinkin duk da gidan sauron. Na zauna a bakin ƙofa inda haske yake na ciccire su da tsinken tsintsiya, na sake wankewa da ruwan gishiri. Na aiki Mansir ya samo mini ɓawon maɗaci na jiƙa mata, na fasa kafso ɗin nan ja da rawaya a ruwan shanta. Gero jiƙaƙƙe nake dakawa in buɗe bakinta in sa mata kaɗan-kaɗan, in shafa maƙogwaron a hankali har ya wuce. In ta haɗiya sai ta miƙe wuya ta buɗe baki, ɗinkin yana ja mata.

Radiyya ba ta ce mini uffan ba, sai dai kullum ta turo a fesa turaren gwangwani a barandata. Ranar da ƙawayenta suka zo, ta kawo su su gaishe ni, suka hango kwandon. Ɗaya ta rufe baki da gyale, kafaɗunta suna rawa. Amfanin kurumta ke nan, ban ji abin da ta ce ba, illa dai ido yana gani. Na tambaye ta ko ita kajin da take ci daga sama suke faɗowa a soye. Suka yi sallama da wuri.

Jiya da hantsi na buɗe tafin hannu da tsaki, ta dube shi da idon nan mai kyau, ta karkata kai, ta kai sara. Da kanta. Wallahi sai da na ji hawaye. Ta miƙe ta yi tangaɗi zuwa bakin ƙofa ta tsaya a rana. Na yanke zaren na zare, fatar ta haɗe, har wasu ƙananan tsirran gashi sun fara fitowa a gefen tabon. Idon hagu dai ya tafi, fiffiken ma ba zai koma daidai ba. Duk inda na sa ƙafa tana biye da ni, in na zauna ta haye cinyata ta lafe.

Yanzu ga abin da ya fi kazar nauyi a raina. Ɗan naki ba shi da lafiya. Na daɗe ina lura, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, in zai tashi daga durƙuso sai ya dafa ciki. Abincinsa yana komawa kicin yadda ya fito. Ba wanda ya gaya mini, kuma na gane dalili: magana da ni sai da ihu, su kuwa ɓoyewa suke yi. Na tsare Radiyya a ɗakina na ce ba za ta fita ba sai ta faɗa. Ta sa baki a kunnena tana kuka, ta ce ƙari ne aka gano a cikinsa, za a yi masa tiyata a Kano wata mai kamawa, shi ya hana a gaya mini.

Kin san yadda muke da shi. Kowace safiya yana zuwa ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe, yadda aka koya mana. Ban taɓa tambayarsa ko ya ci abinci ba, sai dai in tambayi matarsa. Yau da safe ina ba kazar tsaki a hannu, ina yi mata surutu irin na tsofaffi, ina ce mata ci mana 'yar gidana, ci ki yi ƙarfi. Sai na ga inuwa a kan tabarma. Ashe ya daɗe a tsaye yana kallonmu. Na so in ce masa ya shigo ya zauna, na so in tambaye shi inda yake yi masa ciwo. Abin da ya fito daga bakina shi ne zai makara ofis.

Ke da kike iya kiran sunansa, ki kira shi a waya ki yi masa faɗa ya riƙa cin abinci. Kada ki ce ni na ce. Ki roƙi Malam ya sa shi a addu'a bayan kowace salla.

Ina gaida kowa da kowa.

Taki,
Habibatu


GRA, Bauchi
Ranar Litinin

Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ya gida, ya ƙafa. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Ɗan naki ya riga ya tafi Kano, an kwantar da shi ana shirya shi, gobe da safe za a shiga da shi. Da zai tafi ya zo ya durƙusa, na ce Allah ya tsare hanya, shi ke nan abin da na iya. Radiyya ta tsaya ta kintsa yara, ɗazu ita ma ta bi shi.

Kazata ta mutu. Ni na ba da ita aka yanka. Bari in gaya miki yadda aka yi, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Bayan tafiyarsa Radiyya ta shigo ɗakina fuskarta duk ta faɗa. Ta durƙusa ta daɗe tana murza bakin hijabi, sannan ta ce akwai maganar da take jin nauyin faɗa. Wai kwana da kwanaki ke nan, da asuba, tana jin cara daga bayan gida, ta wajen ɗakina, ga shi kuwa ba mu da zakara. Ta gaya wa mahaifiyarta a waya, ita kuma ta ce kazar ce, kuma kaza in ta yi cara maigida take yi wa, a yanka ta tun kafin abin ya tabbata. Ta roƙe ni kada ya ji, don ya tsani irin wannan magana, zai yi fushi da ita yana kan gadon asibiti.

Dariya na fara yi. Ni da na yi shekaru ina hana yara camfi a aji, ni da na zauna a Islamiyya da furfurata aka karanta mana cewa rai da ajali a hannun Allah suke, ba a bakin tsuntsu ba. Na ce mata ta je ta yi istigfari, mai digiri guda da ita. Ta tashi ta fita tana share ido. Amma kin san mu ma da wannan maganar muka tashi. Innarmu da kanta tana faɗa. Abin da aka zuba wa mutum yana ƙarami, allo da alli ba sa wanke shi duka, na gane haka ranar.

Na kira Mansir na tambaye shi. Ya ce shi ma in ya zo wanke mota da sassafe yana jin cara ta can baya, bai dai leƙa ba. Washegari ina idar da sallar asuba na fitar da ita na zauna na zuba mata ido. Gari ya fara haske. Ta karkaɗe jiki, ta tsaya, ta miƙe wuya, ta buɗe baki. Na sa yatsa a maƙogwaronta na ji yana ɗan rawa. Ko cara ce, ko tabon ne yake ja mata kamar kullum, ban sani ba. Na manna kunnena na dama a jikinta kamar mahaukaciya, ban ji komai ba sai zuu ɗin nan. Ban taɓa tsanar kunnena irin na safiyar nan ba.

Na wuni ina jayayya da kaina. Na ce ƙarya ce, na san ƙarya ce. Sai wata zuciyar ta ce, to in fa aka shiga da shi bai fito ba? Za ki zauna kina kallon kazar nan tana tsattsagar tsaki, kina cewa ai camfi ne? Da a ce kaina abin zai faɗa wa, wallahi da ta yi ta cara har ta gaji. Amma ba ni ce maigidan ba.

Yau da hantsi na kira Mansir na ce ya kawo wuƙarsa. Ya dube ni ya sake dubana, ya ce Hajiya, bayan duk wannan wahala? Na ce ba shawara na nema ba. Muka je gindin mangwaron. Ya ce in kawo ya taka ƙafafun da fiffiken yadda ake yi, na ce a'a, ni zan riƙe. Abin da ba zai bar raina ba shi ne ko motsi ba ta yi ba. Ta saba in na kama ta haka magani zan shafa mata, sai ta lafe, har ta miƙa mini wuyan da kanta. Ya share sabon gashin da babban yatsa yana neman wurin yanka, wurin kuwa ɗaya ne, daidai kan tabon.

Na ce ya tafi da ita ya bayar sadaka inda ya ga dama, kada ta shiga tukunyar gidan nan. Radiyya ta zo ta kama hannuna biyu tana godiya tana kuka. Na zare hannuna na ce ta yi sauri kada dare ya yi mata a hanya. Na wanke kwandon na kife shi a rana. Na yi alwala na roƙi Allah gafara, don na san abin da na yi ba shi da kyau a wurinsa, kuma na yi shi da idona a buɗe.

In takardar nan ta same ki an riga an yi aikin. Duk abin da kika ji a waya, ki rubuto ki ba Ɗanlarai ko da layi ɗaya ne, don nan gidan sai an ga dama ake zuwa kunnena.

Yayarki,
Habibatu


GRA, Bauchi
Ranar Alhamis

Ƙanwata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara, da fatan kowa yana lafiya. Na ga layinki, na kuma gode da saurin da kika yi. Ki yi wa Malam godiya ta musamman a kan addu'a. Alhamdulillahi, an yi aiki lafiya, an cire abin, likitoci sun ce ba mugun ba ne. Sun dawo gida, yana takawa a hankali, har ya fara shan kunu da kyau.

Kin tambaye ni me ya sa na yi shiru bayan labari mai daɗi irin wannan. Ga dalili.

Radiyya ta riga shi dawowa saboda makarantar yara. Wata safiya ta kawo mini koko da kanta, muna tsaye a bakin ƙofata. Sai ga wani jan zakara, ƙato, mai dogon wutsiya, ya yi tsalle ya hau katangar baya daga gidan Madam Funmilayo, maƙwabciyarmu mai shagon atamfa. Ya tsaya daidai saman tagata. Ya buga fiffike, ya banƙare ƙirji, ya miƙe a kan yatsunsa, ya ja wuya sama har jikinsa duka yana karkarwa. Ban ji ba, amma na gani. Shekara nawa ina kiwon kaji, na san yadda cara take a ido. Abin da 'yar kazata take yi bai ko kama hanyar wannan ba, kuma da tsoro bai rufe mini ido ba da na gane tun a ranar.

Na juya na dubi Radiyya. Kokon yana zuba daga kofin a kan yatsunta, ba ta ma ji zafi ba. Ta gane muryar. Daga baya na sa aka tambaya, aka ce tun watan jiya aka kawo wa Madam zakaran daga garinsu, tana ajiye da shi don bikin godiya a cocinsu. Radiyya ta ajiye kofin a ƙasa ta shige ciki. Har yau ba ta ta da maganar ba, sai dai naman miyata ya ƙaru, kuma ba ta iya haɗa ido da ni. Ba ƙarya ta yi mini ba, na yarda. Tsoro ne ya kama ta, ta ji cara, ba ta taka ta zagaya bayan gida ta duba ba. Mansir ma bai duba ba. Masu kunne biyu-biyu, ba wanda ya ga kazar tsohuwa ta kai a yi mata wannan 'yar tafiyar.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Jiya da yamma sai ga ɗan naki ya zo ɗakina, yana dafe da bango. Bai durƙusa a bakin ƙofa ba. Ya cire takalmi ya shigo ya zauna a tabarmata, kusa da ni, ta wajen kunnen dama. Rabon da ya zauna kusa da ni haka tun bai shiga makaranta ba. Ya ɗaga riga ya nuna mini ɗinkin cikinsa yana murmushi, ya ce likitocin Kano ba su kai ni iya ɗinki ba. Ya ce da yana kwance can, in ciwo ya hana shi sakat, ni yake tunawa ina ba kazar nan tsaki ina lallashinta, sai ya ce a ransa in dai ita ta tashi shi ma zai tashi. Ya ce ya yi magana da kafinta zai zo ya yi mata akurki mai raga wanda muzuru ba zai iya shiga ba. Sannan ya waiga yana dube-dube, ya ce ina take, yana so ya ga yadda wuyan ya warke.

Radiyya tana tsaye a baranda da tire a hannu, ta ƙame. In na faɗi yadda aka yi, na haɗa shi da matarsa, ga ɗanyen ɗinki a cikinsa. In kuma na ce saboda kai na yanka ta, don ina tsoron kada in rasa ka, to wannan magana ce da ban taɓa koyon faɗinta ba, kin sani, ba a ba mu bakin ba. Na kawar da kai na dubi bango, na ce masa na sa an yanka ta, gajiya na yi da ita.

Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi mini tun yana yaro in na wuce shi ban tanka ba. Bai yi mamaki ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Ya gyaɗa kai, na ga bakinsa ya ce to, Inna. Ya sauke rigarsa, ya dafa bango ya miƙe da kyar, ni kuma ina zaune ban miƙa masa hannu ba. Yau da safe ya zo gaisuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa.

Kada ki gaya masa. Na san halinki, kina gama karantawa za ki ɗauki waya. Na haɗa ki da Allah ki bari. Ya tashi, yana cin abinci, gidansa lafiya, abin da na nema ke nan kuma an ba ni. Kajin da kika ce za ki aiko ta hannun Ɗanlarai, ki bar su a wurinki, ba na so.

Ki gaida Malam da yara, ki ci gaba da shafa man a ƙafar. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Habibatu